Akori-kurar Yari a Mashigin Ɗan Giginya

Isa, 9 ga Maris

Zuwa ga maigidana Abdulrazak, bakanike a Sakkwato.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da duk masu baƙin farcen da kuke aiki tare a gareji. Mu nan sai godiya. Zafi ya fara, ƙafata ta hagu ta koma halinta, jar akuyata ta haifi biyu, ɗaya bai kwana ba.

Ka yi haƙuri da rubutuna. Ajin yaƙi da jahilci na yi, shi ma rabinsa da goyo a bayana. Da waya na aiki da na zage ka da baki na huta, to sabis ɗin garinmu sai an hau tudu, ni kuwa mun daɗe da rabuwa da tudu. Shi ya sa na ba Lawwali direba wagga takarda.

Shi Lawwalin ne ya tsegunta mini cewa ka samu wata hilus da ta yi haɗari ka tashe ta, kana ta liƙa mata ƙarafa. Ya ce har ka ɗaura mata wani abu a goshi mai naɗe waya kamar mazari. Na ce to, mijin nawa kaɗi za shi fara? Ya ce a'a, na jan mota ne in ta kafe. Daga nan ya hau kallon takalminsa, sai na gane.

Motar ubanka kake nufi. Wata biyar ke nan tana zaune a mashigin Ɗan Giginya, inda ta kafe cikin rairayin gulbi ranar da mutanen daji sunka fito sunka tafi da shi da fasinjansa. Ka san inda na tsaya a kan wanga zance. Isah mai albasa, da anka kwashe su tare, ya dawo ya ce zazzaɓi ya kashe uban naka a hannunsu, wai har da shi anka rufe shi. Isah tun yana yawo ba wando maƙaryaci ne, ya taɓa rantse mini ya ga kura da ɗankunne. Ban shimfiɗa tabarmar gaisuwa ba, ba kuwa za ni shimfiɗa ba. Mutumin da ko makullin motarsa bai ba wani riƙo, shi za shi dawo ya ɗauki abarsa da kansa.

Amma ban hana ka ba. Ni wa, da za ni hana namiji mai gemu huɗu? Sai dai in za ka tafi, kada ka ba ni kunya. Tonon mota ba aikin yini ɗaya ba ne. A ina za ka kwana, kai da ko sauro ɗaya ya shiga ɗaki sai ka tada gida? Mi za ka sha? Wa za shi dafa maka? Kada ka motsa daga Sakkwato sai ka rubuto mini duk abin da ka haɗa, na duba na ce ya yi.

Ka ci abinci. Lawwali ya ce wuyanka ya yi tsawo.

Uwargidanka kuma kakarka,
Hadiyya

*

Sakkwato, 21 ga Maris

Uwargida ran gida,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki, na karanta ta sau biyu, na farko don in gane rubutun, na biyu don in ji zagin. Allah ya ƙara sauƙin ƙafa. Wuyana yana nan yadda kika san shi.

Abin nan ba mazari ba ne, winci ake ce masa. Wayar ƙarfe ce mai kaurin yatsa, tsawonta taku talatin, batir ke juya ta, a bakinta akwai ƙugiya. Hafizullahi mai walda ya ƙera mini bamba ta ƙarfe a gaban motar, wadda za ta iya ɗaukarsa. Na ƙara wa motar sifirin ta ɗaga daga ƙasa, na sa mata tayu masu manyan haƙora, ita kuma da ma da ƙafa huɗu take ja. Na kai mata bututun shan iska har saman gilashi don kada ta shaƙe in ta shiga ruwa. Akwai dogon jak, shebur biyu, da faranta biyu na ƙarfe masu huji waɗanda ake turawa ƙarƙashin taya a cikin rairayi. Lawwali ya ce an kwance wa motar Baba batir da tayun da ke waje, don haka na tanadi tayun fijo huɗu. Batun kwana kuma, ina da ɗan tanti mai cin mutum biyu, jarka huɗu na ruwa, risho da tukunya. Taliya ba ta fi ƙarfina ba.

Kaka, ba gardama nake yi da ke a kan Baba ba. Ki riƙe abin da kika riƙe. Amma akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ranar nan da motar ta kafe, ya samu sabis ya kira ni sau biyu. Ina kwance ƙarƙashin motar wani, hannuna duk baƙin mai, na ce bari in gama. Da na kira, wayar ba ta shiga. Ban san abin da zai ce ba, amma na san bakanike ne ɗansa kuma motarsa ta kafe. A ƙarƙashin motar nan ya koya mini riƙon sifana. Ba za ni iya zama a nan har damina ta zo gulbi ya cinye ta ba.

Manoman wajen sun fara komawa sharar gona, motocin kasuwa ma suna bi da rana, an ce wurin ya ɗan lafa. Abu ɗaya ya rage mini. Na bar gida ina ɗan shekara goma sha biyu, ban san halin gulbin nan ba, ke kuwa a bakinsa aka haife ki. Yaushe ruwa ke sauka a mashigin? Da abin da kika ce za ni tsara tafiyata.

Ki gaishe da jar akuya da abin da ya rage mata.

Naki,
Abdulrazak

*

Isa, 4 ga Afrilu

Maigida mai taliya,

Sallama da gaisuwa. Takardarka ta iso da warin man inji, na ajiye ta nesa da gari.

Batun ruwa, kwantar da hankalinka. Gulbinmu malalaci ne kamar kakanka marigayi, wanda sai an kira salla sau biyu yake neman buta. Ba ya kawo ruwa sai an yi shuka, an yi noman fari, gero ya kai gwiwa. Ka ce tsakiyar Yuli. Muddin sama ba ta zuba a kanka ba, kana da lokaci. Saboda haka ka bar gaggawa ka gyara abin da za ni faɗa maka.

Lawwali ya nuna mini hoton motar a wayarsa. Na kai ta kusa da ido, na kai ta nesa, na ce wanga wane sansani za shi? Ka shafa mata kore mai duhu, ka jera mata fitilu huɗu a ka, ga ƙarafa a baya kamar inda ake girka bindiga. Kai a Sakkwato kwalliya ka gani. A nan, in wagga mota ta ɓullo ta bayan Kamarawa, mata za su kwashi 'ya'ya su shige gonaki, waɗanda ke cikin daji kuma za su ce an zo musu. Ka kankare koren nan tas. Ka shafa mata fari, farin ma mai datti. Ka cire fitilun. Ka rataya mata buta da tsohuwar tabarma, ta yi kama da motar mai kai albasa kasuwa. Wanga ba wasa nake ba.

Tantin ma bai yi mini ba. Na mutum biyu? Kabari ke nan da zif. Rana a bakin gulbi ba ta san jikan kowa ba. Ka nemo babban tampol mai kauri, da sanduna, wanda za ka kafa daga jikin mota ya yi rumfar da mutum ashirin za su zauna. Kada ka tambaye ni ina za ka samu mutum ashirin. Duk inda anka kafa rumfa a ƙasar Gobir mutane za su zo, ko don su gaya maka ba haka ake yi ba.

Sannan guzuri. Ba za ka tafi da taliya kamar maraya ba. Za ni yi maka ƙuli-ƙuli da dakuwa da yajin daddawa, amma gyaɗar sai an kawo mini daga Gangara, mai kawowar kuma matarsa ta haihu. Ka jira.

Zancen kiran waya da ka yi, na karanta. Na san abin da za shi ce maka. Cewa za shi yi, kai rago, kana ina. Haka yake ce wa kowa. Ka bar ɗora wa kanka dutse.

Sai na ga hoton farar mota.

Kakarka,
Hadiyya

*

Sakkwato, 19 ga Mayu

Uwargida,

Gaisuwa da fatan alheri. Ki yafe jinkirin amsa, aikin da kika ba ni ne ya riƙe ni.

Kankare fenti ya ci mako uku, don mai fentin sai ya ga dama yake zuwa. Yanzu fara ce, ta yi muni yadda kike so. Abokan aikina suna ce mata motar liman. Na cire fitilun. Tampol sai da na sa aka ɗinka shi a kasuwa, Hafizullahi ya yanka mini sanduna shida da maƙalai a gefen mota. Na kafa shi a gareji don gwaji, kafin in juya mutum tara sun zauna a ƙarƙashi, ɗaya har da barci. Kin yi gaskiya.

Ƙuli-ƙulin ya iso, yajin ya zube a aljihun Lawwali, yana ta atishawa yana gaishe ki.

Maigidana na gareji ya ce in taya shi gama wasu motoci biyu kafin in tafi, tunda akwai lokaci har Yuli. Na sa ranar goma ga Yuni. Za ni sauka Sabon Birni in kwana wurin Inna mahaifiyata, washegari mu wuce mashigin ni da Lawwali. In Allah ya so, da motar Baba a bayana za ni shigo Isa, ki fito ki yi mini guɗa.

Naki,
Abdulrazak

*

Sabon Birni, 2 ga Yuni

Zuwa ga Inna Hadiyya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da girmamawa, ina tambayar ƙarfin jiki da ƙafa. Mutanen gidanmu duk suna gaishe ki. Ƙanwata Nana Firdausi ce ke rubuta mini, ni ke faɗa.

Inna, ki gafarce ni, ban saba sa baki a tsakaninki da maigidan naki ba. Ya aiko mini cewa ranar goma za shi zo, sha ɗaya ya shiga gulbi. Na aika masa cewa lokacin ya ƙure, ya ce ke kika ce sai tsakiyar Yuli, kuma ke aka haifa a bakin ruwan, ba ni ba. Inna, ni ma shekara ashirin da bakwai na yi ina jiran mai bin mashigin nan. Kowace shekara daga farkon Yuni yake daina bi ta ciki, ya zagaya ta titi ko da fasinja na gunaguni. Ke kika koya masa haka, a gabana. Fatake da sunka zo daga gabas shekaranjiya sun ce can an yi ruwa biyu masu ƙarfi.

Na san dalilinki, don ni ma ba na son ya tafi. Amma shi ba za shi fasa ba. Kin san jinin. Yanzu ga shi za shi tafi a lokacin da ya fi kowane muni, kuma hankalinsa kwance, yana kallon sama.

Akwai wani abu kuma da na ɓoye miki, yau za ni faɗa. Da Isah ya dawo, na sa yayana ya kai ni wurinsa. Ya ba ni hular da mai gidan ya fita da ita ranar nan, wadda na wanke da hannuna. Na yi takabata a ɗakin mahaifiyata, na gama tun watan jiya. Ban gaya miki ba don kin ce ba a yi rasuwa ba, ni kuma ba ni da bakin da za ni musa miki. Babu wanda ya zo ya ce mini Allah ya ji ƙansa, don ana jin nauyinki.

Na rasa ɗaya a mashigin nan. Ina roƙonki, ki rubuta masa gaskiya, ki aiko nan gidan ta jira shi. Maganarki kaɗai yake ji.

Allah ya ƙara girma, ya ba da lafiya.

Surukarki,
Safiyatu

*

Isa, 6 ga Yuni

Abdulrazak,

Sallama. Yau babu maigida babu mai taliya, ka zauna ka karanta da kyau.

Na yi maka ƙarya. Gulbi ba ya jiran Yuli, ba ya jiran gero, ba ya jiran ko ɗigo ɗaya ya sauka a kanka. Ruwan da ke cika mashigin Ɗan Giginya ba namu ba ne. Can gabas ake yin shi, ya kwana biyu yana tafiya, ya iso mana rana tsaka sama tas babu ko gajimare. Haka ya ci raƙuman wani Buzu ina yarinya, muna tsaye a gaɓa muna cin ɗanyar gyaɗa.

Batun fenti gaskiya ne, ko yau za ni sake faɗa. Amma tampol da gyaɗar Gangara da sauran surutu, duk don in ja ka ne har ruwa ya riga ka, ka zo ka tarar babu abin tonowa, ka yi fushi da gulbi ka koma garejinka da ranka. Na zaci wayo na yi. Uwarka ta nuna mini cewa rami na gina maka. Da na bar ka ka tafi a Afrilu, da rairayi busasshe za ka tarar.

Abin da na fi so shi ne kada ka tafi. Na faɗa, na kuma san ba za ka ji ba. To ga abin da na koya wa ubanka, da abin da shi ya koya mini.

Da kun isa, kafin ka taɓa shebur, ka gina rami a rairayi iya tsawon hannunka, ta gabas da motar. Ruwan da za shi tsattsafo, in fari ne yana tahowa a hankali, ku yi aiki. Ka sa Lawwali ya riƙa duba shi. In ya fara tasowa da sauri, ko ya yi ja, ruwa na bisa hanya, ya riga ya shigo ta ƙasa. Bayan wannan za ka ji iska mai sanyi tana bin cikin gulbi da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Bayanta balbelu za su taso daga gabas. Na ƙarshe kumfa ce, tana tafe a hankali kamar ba komai, tana turo karan dawa da kashin awaki. Wanda ya tsaya ganin kumfa ya makara, sai dai gudu.

Tanti da kaya a bisa gaɓa, kada ka kwana a cikin gulbi ko da ya bushe kamar tanda. Ka rage wa tayunka iska kafin ka sauka rairayi. Ka juya motarka ta yadda fita ba sai ka yi kwana ba. Kada ka nemi itacen ɗaure mota, giginyar da wurin ya ci sunanta an sare ta tun kana rarrafe. Ubanka safaya taya yake binnewa, rami iya ƙirji, ya ɗaura mata sarƙa, ita ke riƙe shi. Farantanka na ƙarfe ban san su ba, amma ka nemi zana biyu wurin manoma, ba ta taɓa ba mu kunya ba.

In ramin ya yi ja, ka saki. Ko saura taku ɗaya ta fita, ka saki. Ƙarfe ce. Ka yi mini wanga alkawari a gaban uwarka kafin ka tada mota.

Na ce Isah maƙaryaci ne. A wagga shekara dai ni ce anka kama.

Allah ya kai ka, ya maido mini da kai.

Kakarka,
Hadiyya

*

Sabon Birni, 13 ga Yuni

Kaka,

Assalamu alaikum. Ina lafiya, Lawwali yana lafiya, motata tana ƙofar gidan su Inna. Na fara da wannan don ki iya karanta sauran a zaune.

Na karanta takardarki a gaban Inna, na yi alkawarin. Ba za ni ɓoye miki ba, tun daga Sabon Birni har mashigin ban yi wa Lawwali magana ba saboda fushi, shi da bai yi mini komai ba.

Mun isa da hantsi. Tana nan a tsakiyar gulbi, rairayi ya shanye ta har ƙofofi, babu gilashi ko ɗaya. Manoma uku suka zo da zana, suka taya mu kafa rumfa a gaɓa, ɗaya ya ce ba haka ake kafawa ba. Na gina ramin da kika ce, ruwan fari ne. Muka kwance ƙyauren baya muka kai shi gaɓa don mu samu kwashe rairayin da ya cika bodin. Yini muka yi muna tono. Da muka kai ƙasa na tarar da jak ɗinsa a tsaye ƙarƙashin motar, da guntun zana a gaban taya. Ya ɗaga gefe ɗaya ke nan suka fito masa. Saura kaɗan ya fitar da ita, Kaka, shi kaɗai, ba winci. A bayan kujera kuma akwai leda ɗaure, da kwalbar man zafi a ciki, irin wanda kike shafa wa ƙafa. Ba a buɗe ta ba.

Muka sa mata tayu kafin magariba, muka kwana a gaɓa, babu abin da ya taɓa mu.

Da safe na ga waya ba za ta kai daga gaɓa ba, dole na sauka da motata cikin gulbi. Muka binne safaya taya iya ƙirji, na ɗaure bayan motata da sarƙa, na maƙala ƙugiya a gaban ta Baba. Da na danna winci, sai da ta yi ƙara kamar za ta rabe biyu, sannan ta motsa. Ta hau zana, ta hau faranti, ta taho kamar tsawon mutum biyu. Manoman suna ta kabbara. Na ga lambarta ta fito daga rairayi.

Sai Lawwali ya dawo daga wurin ramin ya ce, "Bakanike, ya yi ja."

Na ɗaga kai. Sama babu ko tsinke. Na ce, "Taku goma ya rage ta hau tauri. Ba ni minti biyar."

Ya ce, "Ni ba ni ke ba da minti ba. Tsohuwa ta ce mi?"

Na ci gaba da dannawa. Ta ƙara taku biyu. A nan iskar ta zo, mai sanyi, da ƙamshin ƙasa, daidai yadda kika rubuta. Manoman suka kwashi sheburansu ba sallama. Lawwali ya zo ya tsaya a tsakanin motocin biyu, kusa da wayar da ke miƙe, inda in ta tsinke za ta raba mutum. Ya ce, "To ja. In ka koma kai kaɗai ka gaya mata."

Na sassauta. Na cire ƙugiyar. Sarƙar baya ta ƙi kwancewa daga tayar, muka cire ta daga jikin motata muka bar su a nan. Kafin in kai gaɓa kumfar ta iso, da karan dawa da komai, ruwa na dukan tayuna.

Muka zauna a ƙarƙashin rumfarki muna kallo. Wajen azahar ruwan ya kai mata tagogi. Tunda na tono ta na sa mata tayu, ba abin da ke riƙe ta kuma. Ya juya ta a hankali, gabanta ya kalli yamma, ya kwantar da ita a gefe. Da la'asar babu ita.

Da na zo a Afrilu da na fitar da ita. Wannan gaskiya ce, kin riga ni faɗa. Da kuma takardarki ta ƙarshe ba ta zo ba, da ina ciki ina kallon sama. Na auna su biyun a hanya har na gaji, na bari.

Abin da ya rage shi ne kwalbar, da ƙyauren bayan da muka ajiye a gaɓa. Rubutun yana nan, fentin bai gama goguwa ba: YARI DIREBA, ISA DA SABON BIRNI, SAI MUN DAWO. Inna ta gan shi ta shige ɗaki. Ta ce ke ya kamata a tambaya inda za a kai shi.

In kawo miki, ko ba ki son ganinsa?

Jikanki,
Abdulrazak

*

Isa, 15 ga Yuni

Maigida,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi da ka saki.

Ka kawo ƙyauren, da kwalbar. Ka taho da uwarka a gaban mota, ta zauna inda babu girgiza. Ka biya ka ɗauko Isah mai albasa, ka ce masa tsohuwa na ba shi haƙuri, kuma tana son ya gaya mata wajen da sunka sa shi, da ko an samu ruwan yi masa wanka.

Ka zo da tampol ɗin nan da sandunansa duka shida. Ƙofar gidan da muke babu inuwa, mutane kuma za su fi ashirin. Na aika wa liman, ranar Juma'a da safe za a shimfiɗa tabarmi.

Shekara hamsin da biyu ban kira sunansa ba, ɗan fari ne, ko a gaban kakanka sai dai in ce wancan. Yau na ga ko na kira ba mai jin kunyar kowa.

Yari ya rasu. Allah ya ji ƙan Yari.

Ka wanke farcenka kafin ka zo, kai za ka zauna karɓar gaisuwa.

Kakarka,
Hadiyya